Shekarar Share Fage da Karatun Ilimin Dabbobi da Halittun Teku a Jami'o'in Birtaniya

A jami'o'in Ingila da Wales digirin farko a ilimin dabbobi ko ilimin halittun teku karatun shekara uku ne, amma jami'o'i da dama sun ɗora wata shekara guda a gabansa, wadda ake kira shekarar share fage, wasu kuma su ce mata shekarar sifili saboda tana zuwa kafin shekarar farko. An tanade ta ne domin ɗalibin da sakamakon jarrabawarsa ta ƙarshen sakandare bai kai abin da sashen yake nema ba, da wanda ya karanta darussan da ba na kimiyya ba sannan daga baya ra'ayinsa ya juya, da wanda ya daɗe da barin aji yana aiki ko yana renon iyali, da kuma wanda ya fito daga ƙasar da takardar shaidarta ba ta yi daidai da ta Birtaniya ba. An daɗe ana muhawara a kan wannan shekara, ko tana cike giɓin da aka ce tana cikewa, ko kuwa hanya ce kawai ta karɓar kuɗin shekara huɗu a kan karatun shekara uku, kuma ba a iya yanke hukunci a kan muhawarar sai an fara sanin abin da fannonin biyu suke buƙata daga mai shigarsu, domin darajar share fage tana rataye ne ga irin ginin da za a ɗora a filin.

Ilimin dabbobi shi ne nazarin dabba tun daga tsarin jikinta da yadda gaɓoɓinta ke aiki har zuwa ɗabi'arta da haihuwarta da dangantakarta da sauran halittu, kuma kalmar dabba a nan ta fi faɗin yadda ake amfani da ita a maganar yau da kullum, tun da ta haɗa tsutsa da ƙwaro da kifi da tsuntsu da katantanwa. Fanni ne mai tsohon tarihi, domin Aristo ya yi nazarin dabbobin teku a tsibirin Lesbos a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, Jahiz ya rubuta Kitabul Hayawan a ƙarni na tara, Damiri kuma, wanda ya rasu a 1405, ya bar Hayatul Hayawan da malaman zaure na ƙasar Hausa suka sani, sai dai tsarin sunayen dabbobi da masana ke bi a yau ya faro ne daga bugu na goma na littafin Linnaeus a 1758. Ilimin halittun teku kuwa da wurin zama aka yi masa iyaka, saboda haka duk abin da ke rayuwa a ruwan gishiri nasa ne, dabba ko tsiro ko ƙwayar halittar da ido ba ya gani. Abin da ya sa ake yawan haɗa fannonin a digiri ɗaya shi ne, daga cikin manyan rukunonin dabbobi talatin da ɗoriya da masana suka ware, kusan dukkansu suna da wakilai a teku, wasu ma, kamar rukunin dabbar nan mai siffar tauraro, ba a samunsu a tudu ko a ruwan daɗi sam, don haka wanda yake son ganin bambancin tsarin jikin dabbobi gaba ɗayansa dole ne ya gangara bakin teku.

Birtaniya ta yi nisa a wannan fanni saboda dalilai na tarihi da na yanayin ƙasa. Jirgin ruwan Challenger ya kewaya tekunan duniya daga 1872 zuwa 1876, ya dawo da halittu sama da 4,000 da kimiyya ba ta san da su ba, rahotonsa kuma ya cika mujalladi 50. A 1884 aka kafa ƙungiyar nazarin halittun teku ta ƙasar, ta buɗe ɗakin gwaje-gwajenta a Plymouth a 1888, daga nan kuma tashoshin bincike suka yawaita a gaɓar tsibirin, irin su Gatty a St Andrews da Dove a Cullercoats da ke ƙarƙashin Jami'ar Newcastle. Jami'ar Bangor da ke arewacin Wales tana da makarantar kimiyyar teku a Menai Bridge, a bakin mashigin ruwan da ya raba tsibirin Anglesey da babban yanki, tana kuma da jirgin bincike mai suna Prince Madog, a cikin digirorinta kuma akwai wanda ya haɗa ilimin halittun teku da ilimin dabbobi a suna ɗaya. Bangor da Plymouth da Hull duk suna cikin jami'o'in da ake iya shiga wannan karatu ta shekarar share fage.

Hanyar shiga ta al'ada ita ce jarrabawar A-Level, wadda ɗalibi ke shiryawa shekara biyu tsakanin shekara 16 zuwa 18 da haihuwa, galibi a darussa uku kacal, sannan ya nemi gurbi ta hukumar UCAS, wadda ke ba shi damar zaɓen kwasa-kwasai har biyar. Hukumar tana mayar da sakamako zuwa maki, inda A ke da 48, B ke da 40, C ke da 32, D ke da 24, E kuma 16, kuma sassan ilimin halittu kan nemi ɗalibi ya zo da bayoloji, sau da yawa tare da wani darasin kimiyya na biyu, alhali makin da ake nema na shekarar share fage ya yi ƙasa da haka sosai, wani lokaci ma ba a sharɗanta darasin kimiyya ba. A nan ne asalin matsalar take, domin tsarin da ke tilasta wa yaro ɗan shekara 16 ya taƙaita karatunsa ga darussa uku yana rufe masa ƙofofi tun bai san akwai su ba, kuma wanda ya zaɓi tarihi da adabi da zane a waɗannan shekarun, idan sha'awar dabbobi ta kama shi yana ɗan ashirin, ba shi da takardar da za ta shigar da shi ko da kuwa hazaƙarsa ta kai.

Shekarar share fage tana da nauyin karatu daidai da kowace shekara ta digiri, wato kiredit 120, kuma da yake ana ƙiyasta kowane kiredit a matsayin awa goma na aiki, tsakanin lacca da gwaji da karatun ɗalibi shi kaɗai, jimillar ta kai awa 1,200. Abin da ke ba sababbin ɗalibai mamaki shi ne ƙarancin dabbobi a cikin manhajar. Akwai bayoloji na tushe, wato tsarin ƙwayar halitta da gado da yadda jiki ke sarrafa abinci, amma babban kaso yana tafiya ne ga kimiyyar sinadarai da lissafi da ƙididdiga da aikin ɗakin gwaje-gwaje da koyon rubutun ilimi, har ɗalibin da ya zo da mafarkin dolfin yakan sami kansa watanni yana auna ruwa a kwalba yana lissafin yawan gishirin da ya narke a ciki. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin jinkiri da ɓata lokaci, alhali kuwa shi ne zuciyar al'amarin, kuma misalai kaɗan sun isa su nuna dalili.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowane kilo, kuma ƙa'ida ce ta sinadarai cewa idan wata fata mai laushi ta raba ruwa biyu, ruwan yakan ratsa daga ɓangaren da gishirinsa ya yi ƙaranci zuwa ɓangaren da gishirinsa ya fi yawa. Kifin ruwan daɗi, irin tarwaɗa ko karfasa, jininsa ya fi ruwan da yake ciki gishiri, saboda haka ruwa yana shigarsa kullum ba tare da ya sha ba, shi kuma yana fitar da fitsari mai yawa marar kauri, yana kuma janyo ɗan gishirin da ke ruwan ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai. Kifin teku mai ƙashi yana cikin akasin wannan hali, domin ruwan jikinsa yana tsiyayewa zuwa waje, har ya zama yana cikin haɗarin ƙishirwa a tsakiyar ruwa, sai ya riƙa shan ruwan gishirin yana fitar da gishirin ta waɗannan gaɓoɓi. Kifin salmon, wanda ake ƙyanƙyashewa a kogi ya girma a teku ya komo kogi ya yi ƙwai, yana juya wannan tsari gaba ɗaya sau biyu a rayuwarsa. Malamin shekarar farko zai yi bayanin wannan a lacca ɗaya, yana ɗauka cewa kowa ya san yadda ake lissafin ƙarfin narkakken sinadari, kuma wanda bai sani ba zai haddace labarin kifin ba tare da ya fahimci abin da ke tafiyar da shi ba.

Haka batun tsamin teku yake, sai ma ya fi nuna yadda sinadarai da lissafi suka sarƙe. Teku yana shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da mutane ke fitarwa ta ƙona man fetur da gawayi da gas, kuma idan iskar ta narke a ruwa takan ƙara masa tsami, abin da ke wahalar da murjani da katantanwa da sauran halittun da ke gina ɓawonsu da sinadarin alli. Ma'aunin tsamin saman teku, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, ya sauka daga kusan 8.2 kafin zamanin masana'antu zuwa kusan 8.1 a yanzu, adadin da wanda bai san ma'aunin ba zai raina, amma da yake kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma yake nufi, wannan 'yar saukar tana nufin tsamin ya ƙaru da sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Fizik ma yana da nasa rabo, tun da hasken da ya isa tsiro ya yi abinci ba ya wuce zurfin kusan mita 200, alhali matsakaicin zurfin teku ya kai kusan mita 3,700, nauyin ruwa kuma yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin sama guda a kowace mita goma, kuma waɗannan lambobi su ne ke bayyana dalilin da ya sa halittun ƙarƙashin teku suke da irin jikin da suke da shi, da kuma dalilin girgizar da masana suka yi a 1977 da aka gano, kusa da tsibiran Galapagos, al'ummomin dabbobi masu rayuwa a bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi, inda tushen abincinsu ƙwayoyin halitta ne masu samun ƙarfi daga sinadarai maimakon hasken rana.

Ƙididdiga ce dai ta fi kayar da ɗalibai, kuma ita ce fannin ya fi dogara a kanta, saboda mai nazarin teku ba ya taɓa ganin abin da yake nazari gaba ɗaya. Makiyayi yana iya ƙirga shanunsa, amma babu mai ƙirga kifin teku. Abin da ake yi shi ne a ɗebi samfuri, a auna tsawo da nauyi, a ciro wani ɗan dutse da ke cikin kunnen kifi a ƙirga zobbansa don sanin shekarunsa kamar yadda ake ƙirga zobban kututturen itace, sannan a yi amfani da lissafi a ƙiyasta yawan da ya rage a ruwa da yawan da za a iya kamawa ba tare da an karya iri ba. Kuskure a wannan ƙiyasi yana da tsada ƙwarai, kamar yadda aka gani a gaɓar Newfoundland ta Kanada, inda kifin kod da aka yi ƙarnoni ana kamawa ya kusa ƙarewa har gwamnati ta hana kamunsa a 1992, mutane wajen 30,000 suka rasa sana'arsu. Misali na biyu na Birtaniya ne. A 1931 Alister Hardy, wanda a lokacin shi ne farfesan ilimin dabbobi a Hull, ya fara wani bincike da wata na'ura da jiragen kasuwanci ke ja a bayansu, tana tace filankton a kan ƙyallen siliki, filankton kuwa su ne ƙananan tsirrai da dabbobin da ruwa ke kwasa yana yawo da su, waɗanda kusan rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke samarwa daga gare su take fitowa. Binciken yana ci gaba har yau daga Plymouth, kuma daga tarin lambobinsa ne aka gano cewa wasu nau'o'in filankton masu son ruwan ɗumi sun matsa arewa da kusan kilomita 1,000 a arewa maso gabashin Atlantika cikin kusan shekara arba'in. Babu idon da zai ga wannan ƙaura daga kan jirgi, lissafi ne ya fito da ita, shi ya sa sassan ke koya wa ɗalibai manhajar kwamfuta ta ƙididdiga irin R tun da wuri.

Akwai kuma abin da littafi ba ya koyarwa, wato aikin hannu. Riƙe bututun awo ba tare da kumfa ta shiga ba, daidaita madubin ganin ƙananan halittu, zana abin da ido ya gani maimakon abin da ake tsammanin gani, rubuta kwanan wata da wuri a kan kowace kwalba, duk ɗabi'u ne da sai an maimaita suke zama jiki, kuma wanda ya yi A-Level na kimiyya a Ingila ya riga ya yi aƙalla gwaje-gwaje goma sha biyu a kowane darasi kafin ya zo. Aikin fili na farko galibi a gaɓar duwatsu ake yinsa, lokacin da teku ya janye, ɗalibai su shimfiɗa igiyar awo daga saman gaɓa zuwa bakin ruwa, su aza wani firam mai kusurwa huɗu a tazara daidai, su ƙirga duk abin da ya faɗo cikinsa, a cikin sanyi da iska, ido ɗaya kuma yana kan agogo domin ruwan da ya janye zai dawo. Wannan aiki mai kama da wasan yara ya haifar da ɗaya daga cikin shahararrun gwaje-gwajen fannin, wanda Joseph Connell ya yi a Millport ta Sikotland ya wallafa a 1961, a kan banakul, wata ƙaramar dabba mai ɓawo, dangin ƙaguwa, da ke manne wa dutse. Ya kankare nau'i ɗaya daga wasu duwatsu ya bar wasu, sai ya nuna cewa nau'in da ke zaune a saman gaɓa zai iya rayuwa a ƙasa idan aka kawar masa da abokin takara, wato bushewa ce ta yi masa iyaka daga sama, gasa kuma daga ƙasa. Shekarar share fagen da ake koyarwa a cikin sashen da ke da gaɓa da ɗakunan gwaji tana ba da wannan horo, wadda ake koyarwa a wani gini nesa da sashen kuwa ba lallai ta bayar ba, kuma wannan bambanci ya fi sunan jami'a muhimmanci ga mai zaɓe.

Sunaye masu kama da juna suna rikita masu nema. Shekarar share fage da ke haɗe da digiri ɓangare ce ta kwas ɗin kansa, ɗalibi yana da rajista a jami'a tun ranar farko. Digirin tushe kuwa, wanda aka ƙirƙiro a 2001, takarda ce mai zaman kanta ta shekara biyu, mai karkata ga sana'a, wadda ake iya cikawa da shekara ɗaya ta zama cikakken digiri. Akwai kuma difilomar shiga jami'a ta shekara ɗaya da kwalejojin gaba da sakandare ke koyar da manya, wadda ta fi araha, kuma a Ingila ana yafe rancen da aka ci dominta idan mutum ya kammala karatun jami'a daga baya. Na huɗu shi ne share fage na ɗaliban ƙasashen waje, wanda sau da yawa kamfanoni irin su Kaplan da INTO da Navitas ke gudanarwa da haɗin gwiwar jami'a, yana kuma haɗa darasin Ingilishi da na kimiyya.

A dukkansu, hangen Dala ba shiga birni ba ne, domin samun gurbi a share fage bai zama samun gurbi a shekarar farko ba sai an ci jarrabawa. Makin ci a jami'o'in Birtaniya galibi 40 ne cikin ɗari, amma wasu kwasa-kwasan suna sharɗanta fiye da haka kafin a wuce, kuma sharaɗin yana rubuce a takardar tayin gurbi, wadda ta cancanci karatu a tsanake. Makin wannan shekara a al'ada ba ya shiga lissafin darajar digiri, abin da ke ba ɗalibi sarari ya yi kuskure ya gyara, amma kuma yana iya sa wani ya yi sakaci da shekarar da ya fi buƙata.

Muhawarar kuɗi ta taso ne daga yadda tsarin ya bunƙasa. A Ingila masu shiga shekarar share fage sun tashi daga kusan 8,700 a zangon 2011/12 zuwa kusan 69,000 a 2021/22, kusan rabinsu kuma a fannin kasuwanci da gudanarwa suke, inda da wuya a ce rashin wani darasi na sakandare ne ya tare musu hanya. Kwamitin Philip Augar, wanda ya duba kuɗin karatun gaba da sakandare ya miƙa rahoto a 2019, ya ba da shawarar a janye rancen ɗalibai daga irin wannan shekara a karkata mutane ga difilomar kwaleji, kuma wani rahoto na cibiyar HEPI a 2024 ya nuna cewa kusan kashi 74 cikin ɗari na ɗaliban share fage ne ke ci gaba da karatu, alhali a tsakanin masu shiga kai tsaye adadin ya kai kashi 91. Gwamnati ba ta bi shawarar Augar gaba ɗayanta ba; daga zangon 2025/26 ta rage iyakar kuɗin shekarar zuwa fam 5,760 a darussan da aji kawai suke buƙata, ta bar na kimiyya masu buƙatar ɗakin gwaji a kan cikakken kuɗi, wanda a zangon 2025/26 ya kai fam 9,535. Ga ɗalibin ilimin dabbobi ɗan Ingila wannan yana nufin ƙarin bashin shekara guda cur, na makaranta da na guzuri, a ƙarƙashin tsarin da ke cire kashi 9 cikin ɗari na abin da albashi ya haura fam 25,000, ba a kuma yafe ragowar sai bayan shekara 40.

Rarrabewar da gwamnati ta yi tana da hujja, domin a kimiyyar halittu giɓin na gaske ne, ana iya nuna shi da yatsa, kuma cike shi yana cin kayan aiki da sinadarai da lokacin ma'aikatan ɗakin gwaji. Duk da haka adadin masu yankewa ba abin a kawar da kai ba ne, tun da wanda ya faɗi a wannan shekara yana fita ne da bashi ba tare da digiri ba, kuma galibi shi ne wanda tun farko ba shi da mai tallafa masa. Jami'ar da ta sassauta sharaɗin shiga ta ɗauki nauyin da ya fi na sauran, nauyin ƙananan azuzuwa da malamin da ke bibiyar kowane ɗalibi da taimakon lissafi a kan kari, kuma idan ta sassauta ƙofa ba ta ƙara wannan kulawa ba, to ta karɓi kuɗin mutum a kan alkawarin da ba ta shirya cikawa ba. Wanda kuma maki kaɗan ne ya rasa a A-Level na kimiyya yana da hanyar da ta fi sauƙi, wato sake jarrabawar, domin shekarar share fage ta fi amfanar wanda bai taɓa karanta darussan ba, ko wanda ya daɗe rabonsa da su, fiye da wanda ya karanta ya ɗan gaza.

Ga ɗalibin Najeriya lissafin ya sha bamban, domin a wajensa batun yawan shekaru ne. Yaron Ingila yana kammala A-Level bayan shekara 13 a makaranta ya ɗora uku, ɗan Najeriya kuma yana kammala WAEC ko NECO bayan shekara 12 ya ɗora huɗu, duka biyun sun tashi 16, kuma ajin farko na jami'ar Najeriya, inda ɗalibin ilimin dabbobi ke karanta kimiyyar sinadarai da fizik da lissafi da bayoloji na gama-gari, aikin share fage yake yi ko da ba a kira shi haka ba. Shi ya sa yawancin jami'o'in Birtaniya ke tura mai takardar WAEC zuwa share fage na ƙasashen waje, kamar yadda a gida IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ko JUPEB, ke shigar da ɗalibi aji biyu kai tsaye. Ɗalibin waje ba shi da rabo a rancen gwamnatin Birtaniya, kuɗinsa ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, kuma yana da kyau iyayen da za su sayar da kadara saboda wannan tafiya su san ko takardar share fagen tana aiki a jami'a ɗaya ce kawai, domin sau da yawa haka take.

Sha'awar da ke kawo matasa wannan fanni galibi daga talabijin take, daga shirye-shirye irin Blue Planet II da David Attenborough ya gabatar a BBC a 2017, kuma sha'awa ce mai kyau da bai kamata a raina ba, sai dai manyan dabbobin da ake nunawa kaso ne ƙanƙani na halittun teku kusan 240,000 da aka sanya wa suna, mafi yawansu tsutsotsi ne da dangin ƙaguwa da dangin katantanwa. Tarihin fannin ma ya nuna cewa ƙananan ne suka fi biyan mai haƙuri da su. Darwin ya shafe shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, yana feɗe banakul kafin ya wallafa littafinsa na asalin nau'o'in halitta a 1859, Alan Hodgkin da Andrew Huxley kuma sun gano yadda saƙo ke gudu a jijiya ta hanyar gwaji a Plymouth a kan jijiyar sikwid, wata dabbar teku mai laushin jiki da hannaye goma, wadda kaurin jijiyarta ya kai a zura mata waya, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1963. Nutso da tukunyar iska, wanda mutane ke ɗauka shi ne sana'ar, ba sharaɗi ba ne a yawancin kwasa-kwasan, kuma masana da yawa sun gama aikinsu ba su taɓa yinsa ba.

Ayyukan da ke jiran mai digirin sun fi karkata ga wannan ɓangare marar ƙyalli. Akwai cibiyar gwamnati ta Cefas a Lowestoft, wadda asalinta ya koma 1902, mai ƙiyasta yawan kifi da lafiyar ruwa; akwai gonakin salmon na Sikotland; akwai hukumomin kula da yankunan teku da aka keɓe bisa wata doka ta 2009; akwai kuma kamfanonin da ke binciken muhalli kafin a kafa injinan lantarki na iska a cikin teku, inda sabon ma'aikaci ke wuni yana tsince tsutsotsi daga taɓon da aka ɗebo a ƙasan ruwa yana tantance nau'insu. Gasa tana da zafi, albashin farko ba shi da yawa, aikin bincike kuma kusan kullum yana neman digiri na biyu ko na uku, saboda haka wanda ya fara da share fage yana iya shafe shekara biyar kafin ya kammala digiri na biyu, takwas ko fiye kafin na uku. Wanda zai koma Najeriya yana da gaɓar teku ta kusan kilomita 850 da cibiyar binciken teku da ke Legas, amma ɗan arewa zai fi samun aikinsa a ruwan daɗi, a cibiyar binciken kifi ta New Bussa kusa da tafkin Kainji ko a yankin tafkin Chadi, inda dabarun ɗibar samfuri da ƙiyasin yawan kifi da ya koya a kan kod za su yi aiki a kan giwan ruwa da tarwaɗa, da kuma ayu, wanda ke zaune a Neja da Binuwai da bakin teku duka, yana kuma cikin dabbobin da aka lissafa a matsayin masu fuskantar barazanar ƙarewa.